Jami'a Ba Majalisa, Wa Zai Tambayi Shugaba?

'Yan'uwa malamai, a watan Yunin 2023 Gwamnatin Tarayya ta rushe majalisun gudanarwa na jami'o'inta, aka yi kusan shekara guda kafin a naɗa sababbi. Wani zai ce, ina ruwan malamin firamare? Da ruwanmu.

Majalisar gudanarwa ce doka ta ɗora wa naɗa shugaban jami'a, da amincewa da kasafin kuɗi, da ladabtar da manyan ma'aikata. In babu ita, wa zai tambayi shugaba inda kuɗi suka shiga? A wannan tsakanin ne jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista, mu iyaye muka biya daga albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata. ASUU ta yi daidai da ta ƙi yin shiru.

Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yaushe rabon kwamitin kula da makarantarku ya zauna, ya duba littafin kuɗi, ya rubuta abin da aka yanke? Kafin a rufe zangon nan, mu nemi a zauna.