Wa Ya Gaya Wa 'Ya'yanmu Baƙi Aibu Ne?

Mace irina baƙi iri biyu take ɗauke da shi a jikinta, kuma kowanne da inda ake tuna mata da shi. Na farko shi ne wanda duniya ta san mu da shi. Da zarar Bahaushiya ta sauka a filin jirgin Jidda ko na Landan, sunanta baƙar fata, ko da kuwa a unguwarsu ita ake yi wa kirari da fara sol. Na biyu shi ne na cikin gida, wanda muke auna juna da shi: wannan fara ce, wannan wankan tarwaɗa, waccan baƙa, waccan kuma baƙa wuluk. Na farkon muna yawan kuka a kansa, domin laifin na wasu ne, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na biyun nake son mu zauna a kansa a wannan mako, domin shi yake cin 'ya'yanmu mata ba tare da an ji ƙararsa ba.

A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu baƙaƙen fata 'yan Amurka, Mamie Clark da mijinta Kenneth Clark, sun yi wani gwaji mai sauƙi. Suka tara yara baƙaƙen fata 'yan shekara 3 zuwa 7, suka ajiye musu 'yartsana a gaba, ƙirarsu ɗaya, launi kawai ya bambanta su. Sai su ce wa yaro ya nuna wadda yake son wasa da ita, ya nuna mai kyau, ya nuna mummuna, daga ƙarshe ya nuna wadda ta yi kama da shi. Mafi yawan yaran farar suka zaɓa, baƙar kuma suka kira mummuna. Da aka zo tambayar ƙarshe, akwai waɗanda suka fashe da kuka. Wannan bincike yana cikin hujjojin da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a 1954, lokacin da ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe.

Duk sanda na tuna da wannan gwaji nakan tambayi kaina: da za a kawo 'yartsanan nan wata makarantar firamare a Kano ko Zinder, wacce 'ya'yanmu za su ɗauka? Yaran Amurka suna da uzuri, domin doka ce ta ware su, allon da ke ƙofar gidan abinci ne ya gaya musu matsayinsu. Namu kuwa ba su taɓa ganin irin wannan allo ba. Abin da suka sani daga bakinmu suka ji shi.

Karatun yana farawa tun ranar barka. A miƙo jaririya, kafin a gama yi mata addu'a wata ta juya kunnenta tana duba bakinsa, don ta gano ko farin nan na haihuwa zai zauna ko zai gudu. Idan kunnen ya yi duhu sai ka ji an ce, "Wannan kam babanta ta biyo," da muryar da ta fi kama da jaje. Yayarta 'yar shekara biyar tana gefe tana saurare. Ta girma ta ji samari suna cewa in dai fara ce ko mayya ce a kawo. Ta buɗe littafin soyayya ta tarar tauraruwar fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya kamar Balarabiya, baƙar kuma in ta fito to 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. Harshenmu ma yana da nasa rabon: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Na san waɗannan kalmomi daga haske da duhu suka samo asali, ba daga fata ba, amma yarinya ƙarama ba ta san wannan fashin baƙin ba. Ita dai ta ji duk abin ƙi ana haɗa shi da kalmar da ake kiranta da ita.

Ni ce mafi duhu a cikin 'ya'yan mahaifiyata, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Babu wanda ya taɓa zagina a gidanmu. Wasa ne kawai, irin na dangi: a ce kada a aike ni da daddare don ba za a gan ni ba, a ce jan atamfa ba nawa ba ne. A yi dariya, ni ma in yi. Amma wasan da ake maimaitawa shekara ashirin yana barin sawu. Marubuciyar nan Toni Morrison, baƙar fata ta farko cikin mata da ta karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1993, ta gina littafinta na farko, The Bluest Eye na 1970, a kan yarinya baƙa mai roƙon Allah ya ba ta shuɗayen idanu. Da na karanta shi ban ga baƙuwa ba. Na san yara da yawa masu irin wannan addu'a, sai dai su ba idanu suke roƙo ba, kuma kasuwa ta riga ta tanadar musu amsa a cikin kwalba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a wani rahotonta na 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ma ta bi sahu daga baya. Dalilin yana cikin abin da ake zubawa a kwalbar. Duhun fatarmu daga wani sinadari ne da ake kira melanin, wanda shi ne laimar da ke kare mu daga zafin rana. Sinadarin haidirokwinon yana hana jiki samar da shi, kuma idan aka daɗe ana shafawa sai ya bar wasu baƙaƙen tabo masu wuyar magani a kumatu. Magungunan sitiroid da ake haɗawa a ciki suna sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa da wuri, abin da ke ba likitoci wahala wajen ɗinkin mai haihuwa da aka yi wa aiki. Makuri kuwa yana ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Mafi yawan haɗin da ake sayarwa a robobi babu rubutu a jikinsa, ita kanta mai haɗawar ba ta san awon abin da ta zuba ba.

Abin ya wuce 'yammata. Gyaran jikin amarya da muka sani da dilka da kurkum da lalle yanzu an cusa masa haɗi, har ango ya kasa gane wadda ya nema. Mafi ciwo shi ne uwar da ke shafa wa ƙaramar 'yarta, wai don kada dangin miji su fifita 'ya'yan kishiya. Ba na jin wannan uwa muguwa ce. Tsoro ne ya kai ta, tsoron abin da ita ta gani da idonta. Shi ya sa wa'azin da ake yi wa mata su kaɗai bai isa ba. Namijin da ya tsaya a majalisa yana la'antar masu bilicin, sannan ya aika gida cewa fara yake so a nemo masa, shi ne babban dillalin wannan kasuwa.

Abin mamaki shi ne mu jikokin mutanen da suka yi arziki da baƙi ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura, wanda aka tsoma a baba har ya yi duhu, aka buga har ya yi ƙyalli, shi Buzaye suke naɗawa ranar ado. Kore, rigar manya, baƙa ce. Karofin Ƙofar Mata yana nan har gobe ga mai son gani. Harafin da muke karatu da shi baƙi muke ce masa, tawadar da ake rubuta allo baƙa ce, kwallin da ke fito da kyan ido baƙi ne. Kakata ta wajen uba, wadda ita na biyo a launi, takan ce zanen da ya sha rini ya fi tsada a kasuwa. A lokacin na ɗauka lallashi ne. Sai da na girma na gane cewa farashi take faɗa mini, irin wanda ta sani a zamaninta.

A addini ma ba a bar mu babu madogara ba. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Ummu Aiman, Baraka 'yar Habasha, ita ta reni Manzon Allah (SAW) bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya kuma riƙe ta a matsayin uwa har ƙarshen rayuwarsa. Yara nawa ne a Islamiyyunmu aka taɓa gaya musu launin wannan baiwar Allah?

Warkewa tana da ɓangare biyu. Na jiki aikin likitan fata ne. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroid ba a so ta yanke rana ɗaya, domin fatar tana iya yin bore da ƙuraje da ƙaiƙayi. A hankali ake janyewa bisa shawarar likita. Kuma dole ta san za ta bi ta wani lokaci da za ta yi duhu fiye da da, kafin launinta ya daidaita. A nan ne da yawa suke komawa, domin bakin da ya yi mata dariya tana baƙa, ya yi mata tana fara, shi zai ce ta koma gidan jiya. Idan kina da 'yar uwa a wannan hali, ki zama inuwarta har ta haye.

Na zuciya kuwa aikin gida ne. Mamie Clark ba ta tsaya a gwajin 'yartsana ba; a 1946 ita da mijinta suka buɗe cibiyar kula da yara a unguwar Harlem ta birnin New York, ta shugabance ta fiye da shekara talatin, domin ta gane cewa gano ciwo daban, jinyarsa daban. Tamu cibiyar ita ce tsakar gida. Iyaye maza su riƙa gaya wa 'ya'yansu baƙaƙe cewa kyawawa ne, tun kafin wani a waje ya gaya musu akasin haka. Marubutanmu da masu shirya fim su ba baƙa matsayin wadda ake so, ba tare da an ce "duk da baƙa ce" ba. Gwaggo da inna su bar wasan da ke sa yarinya dariya a fili, ta shiga ɗaki ta tsaya gaban madubi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tunanin yarinya game da kanta ma haka yake.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.