Tsoho Marar Haƙora Ma Ɗan Wasa Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ta tashi a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ran da aka zo shirya wasan ƙarshen shekara. Kowa ya ɗaga hannu yana so ya fito a sarki. Da aka ce wa zai fito a tsohon mai gadi, sai ɗaki ya yi tsit, har wani ya ce gara ya bar ƙungiyar da a yi masa dariya. Ni kuwa a ganina wannan rashin sanin wasa ne, kuma ga shaidata.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Walter Brennan. An haife shi a garin Lynn na jihar Massachusetts cikin 1894, ya yi soja a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Da ya shiga sana'ar fim a Hollywood wajen 1925, cikon taro kawai yake yi, wato irin mutanen nan da ake tarawa su cika kasuwa ko titi, ba su cewa uffan, a biya su kuɗin yini su watse. Cikin 1932 ya yi hatsari a wurin ɗaukar fim, haƙoransa suka zube. Da wani ne da ya haƙura ya koma gida. Shi kuwa sai abin ya zame masa jari: in ya sa haƙoran roba ga magidanci, in ya cire ga tsoho tukuf, alhali kuwa bai kai arba'in ba.

Duk mai kallon tsofaffin finafinan kaboyi ya san fuskarsa, ko da bai san sunansa ba. A Red River na 1948 shi ne kukun ayarin masu kora shanu, wanda aka cinye haƙoransa a caca, har sai lokacin cin abinci ake ara masa su. A Rio Bravo na 1959 shi ne Stumpy, gurgun tsoho mai gadin kurkuku, yana rungume da bindiga yana ta mita ba a jin ta bakinsa. John Wayne ne jarumi a duka biyun, sunansa ne a saman takarda. To amma ku cire tsohon nan ku gani. Wa zai gaya wa jarumin gaskiya in ya kauce? Wa zai sa mai kallo dariya bayan an sha harbe-harbe? Kada kuma a zaci ban dariya kaɗai ya iya. A My Darling Clementine na 1946 mugun uba ya fito, mai zane 'ya'yansa da bulala, ko murmushinsa abin tsoro ne.

Da aka ƙirƙiro lambar Oscar ta ɗan wasa mataimaki, shi ya fara cinye ta, da fim ɗin Come and Get It na 1936. Ya ƙara da Kentucky na 1938, ya kuma ƙara da The Westerner na 1940. Kafinsa ba ɗan wasan da ya taɓa tara uku.

Na san abin da masu musu za su ce. A zamanin nan 'yan cikon taro suna jefa ƙuri'a, wai su suka riƙa zaɓen nasu. Ban ƙi ba, ƙila da hannunsu a ciki. Amma ƙuri'a ba ta sa a yi ta neman mutum shekara talatin bayan haka, har a ba shi shirin talabijin, The Real McCoys, daga 1957 zuwa 1963. Yana cikin aiki har dab da rasuwarsa a 1974, yana da shekara 80.

Saura mako uku a yi wasanmu, har yanzu ba mai gadi. Jiya na je wurin malam na ba da sunana. Sanda ina da ita, tsohuwar riga kaɗai nake nema aro.