Dillalin da Ya Riga Mu Sanin Inda Za Mu

Kowane ɗayanmu ya san halin 'yan kamasho a tashar mota. Da sun hango mutum da jaka sai su yi masa caa, kowa na ja, kowa na rantsuwa cewa motarsa saura mutum ɗaya. Amma ɗan kamasho bai san abin da ke zuciyar matafiyi ba sai ya tambaya. To, yau zamani ya kawo mana wani dillali wanda ba ya tambaya, domin mu da kanmu muke kwance masa cikinmu dare da rana ba tare da mun lura ba.

Sa'ad da ɗalibi ya ɗauki waya ya rubuta a Google yana neman jirgi daga Kano zuwa Jidda don Umara, ko zuwa Alƙahira don ƙaro karatu, kafin ƙiftawar ido an riga an yi gwanjo a kansa. Tun shekarar 2000 Google ya kafa tsarin tallarsa, inda kamfanoni ke sa kuɗi a kan kalmomin da mutane ke nema. Wanda ya fi tayi, tallarsa kuma ta dace da abin da ake nema, shi ke hayewa saman shafi, ya biya duk sa'ad da aka latsa.

Har nan babu laifi, ciniki ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, ba kalmar da muka rubuta yau kaɗai ake dubawa ba, har da sawun da muka bari jiya da shekaranjiya. In makon jiya mun nemi kuɗin biza, muka leƙa shafin wani otal a Madina muka fita ba mu biya ba, to an jefa mu cikin rukunin waɗanda tafiya ta kama su. Ba a miƙa wa mai talla sunanmu, amma an ba shi damar ƙara tayi idan irinmu ya sake dawowa. Watau shi ya san ƙishirwarmu, mu kuwa ba mu san nawa ya biya ya tsaya a gabanmu ba.

Kada mu ɗauka ƙaramin kuɗi ake zubawa. Kamfanin Booking Holdings shi kaɗai ya kashe fiye da dala biliyan 7 wajen talla da jawo masu saye a 2024. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan dukiya daga la'adar da otal-otal ke biya take fitowa, su kuma otal-otal daga aljihun baƙonsu suke fanshewa. Ashe mu ne hajar da aka yi gwanjonta, mu ne kuma masu biyan kuɗin gwanjon.

Wani zai ce, ina illar a nuna mini abin da nake so? Illar ita ce abin da aka ɗora a sama ba lalle ne ya zama mafi araha ba. A 2012 jaridar Wall Street Journal ta bayyana cewa kamfanin Orbitz na Amurka ya lura masu kwamfutar Mac sun fi sakin kuɗi a masauki, saboda haka ya riƙa turo musu otal masu tsada a gaba. Bai canza farashin ɗaki ba, jeri kawai ya canza, amma wa ke da haƙurin gangarawa ƙasan shafi? A 2022 kuma wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci Trivago tarar dalar ƙasar miliyan 44.7, domin yana tallar cewa shi ne mai nemo wa jama'a farashi mafi sauƙi, alhali kuwa yana fifita waɗanda suka fi biyansa.

Sai dai mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Ba duk hawan kuɗin tikiti ne makircin bin sawu ba. Kamfanonin jiragen sama suna rarraba kujeru mataki-mataki, in masu araha suka ƙare sai farashi ya ɗaga, balle a ƙarshen azumi da kowa ke ɗokin Makka. Abin da tarihin bincikenmu ya fi juyawa shi ne wanda zai fara tare mu, da yawan bibiyar da za a yi mana har mu gaji mu biya.

To, mene ne abin yi? Na farko, mu koyi bambanta talla da sakamakon bincike, domin akwai ɗan rubutu a saman kowace talla mai nuna an biya. Na biyu, mu shiga saitin asusunmu mu goge tarihin bincike, mu kashe tallar da ake ɗinka wa mutum daidai jikinsa. Na uku, kada mu biya sai mun gwada wuri biyu ko uku, har da shafin kamfanin jirgin ko otal ɗin kansa. Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a 2018, Nijeriya ta yi tata a 2023. Mu da muka samu ilmin karanta ta, wajibinmu ne mu san haƙƙin da ta ba mu, mu kuma matsa a yi aiki da ita.

Iyayenmu kan tara kuɗin ziyarar Ɗakin Allah shekara da shekaru, sa'an nan su miƙo mana waya su ce, duba mana, ku ne 'yan boko. In muka latsa abin da ya fara bayyana don ganda, ba kuɗinmu muka yi wasa da shi ba, amanarsu ce. In kunne ya ji, jiki ya tsira.