Sharhi: Dijonktar ɗin Nijelek kaɗai bai isa kare rai ba a gidajen Diffa

Duk wanda ya zagaya sabbin unguwannin Diffa zai ga gine-gine na tashi, da yawansu da kuɗin 'yan cirani. Tun bayan hare-haren 2016 da suka kori jama'ar Yebi da Boso daga gidajensu garin ya cika ya batse, gida ɗaya na jan wuta zuwa maƙwabta da waya a kan katanga. Ana kashe kuɗi a kan tayil da ƙofar ƙarfe, amma da an zo kan allon wuta sai a ce wa mai gyara ya saka mai araha.

Akasarin masu gida sun ɗauka dijonktar ɗin da ke kusa da kwantar ya gama komai. Ba haka ba ne. A tsarin Faransa da Nijar ta gada, wannan babban dijonktar yawanci ba ya katse wuta sai yoyon da ke bi ta ƙasa ya kai miliampa 500. Hakan na rage haɗarin gobara, amma wutar da ba ta kai rabin wannan ba ta isa ta tsayar da zuciyar mutum. Su kuwa ƙananan dijonktoci na ampa 16 ko 20, waya suke karewa daga zafi. Yaron da ya taɓa firiza mai yoyo da jiƙaƙƙen hannu, ba su ma san yana nan ba.

Abin da ke kare mutum shi ne difaransiyel na miliampa 30. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da ya ga gibi, alamar ta bi ta jiki ko ta ruwa, sai ya katse kafin ƙiftawar ido.

A Diffa maganar ta fi nauyi saboda ƙasar kanta. Kafin na'urar miliampa 500 ta yi aikinta, sai an kafa sandar ƙasa mai juriyar da ba ta wuce om 100 ba. Busasshen rairayin Manga a watan Afrilu ba ya barin wuta ta ratsa shi da sauƙi, ɗan guntun rodin da ake cusawa bayan ɗaki kuma da wuya ya sauko da juriyar zuwa nan. Na miliampa 30 yana aiki ko da juriyar ta haura om 1,000. Sai kuma ɗaya gefen: idan Komadugu ta yi ambaliya kamar a 2019 da 2022, soket na ƙasa da famfunan ban ruwa na gonakin tattasai su ne ke zama tarko.

Akwai zaɓi ko a cikin na miliampa 30 ɗin. Samfurin AC ya wadatar ga fitila da fanka, amma injin wanki da kayan da ke da lantarki na zamani a ciki na buƙatar samfurin A, wasu injunan sola kuma sai samfurin B. Ya fi kyau a raba gida kashi biyu ko uku, kowane da nasa, domin gidan da duk wutarsa ke ɗaukewa saboda tulun dumama ruwa ɗaya, ƙarshenta mai gida zai sa a cire na'urar a haɗa waya kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta fi rashin na'urar muni, tunda kowa na zaton yana da kariya.

Ya kamata Nijelek da hukumar ARSE su tsaurara: kada a ba sabon gini wuta sai an ga difaransiyel na miliampa 30, an kuma auna sandar ƙasa da na'ura, ba da ido ba. Ɗan ciranin da ke aiko da kuɗin gini kuwa, kamar yadda yake neman hoton rufi ta WhatsApp, haka ya dace ya nemi hoton allon wuta inda aka rubuta 30 mA, da bidiyon mai gyara yana danna maɓallin gwaji wutar ta ɗauke.