WAIWAYE ADON TAFIYA: Mazan jiyan Arewa da Jibo Bakari

A ƙasar Arewa, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har zuwa Tibiri, an daɗe da sanin dattawan nan da ake kira ƴan mazan jiya. Ranar biki sukan fito cikin tsohon kaki, lambobin yabo na reto bisa ƙirji. Su ne samarin da Faransa ta riƙa ɗiba, musamman bayan dokar 1919 wadda ta wajabta aikin soja na shekara 3 a ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. Kumandan ya faɗi adadi, sarakuna su kawo samari, likita ya duba, a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa sai ya yi ban kwana da Dallol Mawri. Wasu sun ga yaƙin duniya na biyu, wasu aka kai su Indoshin tsakanin 1946 da 1954, wasu kuma Aljeriya daga 1954.

A daidai lokacin da waɗannan bayin Allah ke kwana cikin laka a gonakin shinkafar Biyetnam, wani malamin makaranta haifaffen Sudure, kusa da Yamai, yana ɗaga murya a gida. Shi ne Jibo Bakari. A 1950 shugabannin jam'iyyar RDA suka raba gari da ƴan gurguzun Faransa, shi kuwa ya ƙi bin su. Ya kama aikin ƙungiyar ƙwadago mai alaƙa da CGT ta Faransa, wadda ƴan dakonta na tashar jiragen ruwan Marsai suka ƙi loda makaman da za a kai Indoshin. A wajen wannan ɓangare, yaƙin na zalunci ne, kuma talakan Afirka ba shi da abin da ya kai shi harbin talakan Asiya. A 1954 Jibo ya kafa jam'iyyarsa, wadda daga baya ta zama Sawaba. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 ya shugabanci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa.

Maganar tana da gaskiyarta, amma a kunnen tsohon soja tana da ɗaci. Mutumin da ya bizne abokinsa a ƙasar da ba a jin Hausa, ya komo da ƙafa guda, yana da wuya ya yarda a ce masa wahalarsa ta banza ce. Ban da haka, akwai maganar ciki. Kuɗin fansho daga baitulmalin Faransa suke fitowa, kuma a ƙasar da damina ke yawan yaudara, su ne ke sayen gero a shekarar da rumbu bai cika ba. Su ne kuma suka ba tsohon soja wurin zama kusa da sarki da ikon shiga ofishin kumandan ba tare da tafinta ba.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama da Janar Degol ya kira. Jibo ya ce a zaɓi "A'a", a karɓi ƴanci nan take, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Degol ya riga ya faɗa cewa duk ƙasar da ta ce "A'a" ta yanke hannunta daga taimakon Faransa. Mazan jiya da yawa suka fahimci abin da hakan ke nufi ga fanshonsu, ga shi kuma Degol janar ɗinsu ne tun zamanin yaƙi da Hitila. Gwamna Kolombani, wanda aka aiko Yamai ana gab da zaɓen, ya haɗa kan sarakuna da duk mai tsoron asara. "I" ta samu kimanin kashi 78 cikin 100, ko da yake waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi, Diori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba.

To, amma wanda ya hau motar kwaɗayi, tashar wulaƙanci zai sauka, in ji masu magana, ko da yake a nan yunwa ce ta hau da mutane. Ranar 26 ga Disamba 1959, wata 15 kacal bayan ƙuri'ar, Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci. Kuɗin Bafaranshe na ƙaruwa shekara bisa shekara, na abokin yaƙinsa Ba'are na nan inda aka bar shi. Sai a 2001 babbar kotun gwamnatin Faransa ta yanke hukunci, cikin shari'ar wani tsohon sajan na Senegal mai suna Amadu Jop, cewa wannan wariya ce. Ba a kammala daidaita kuɗin ba sai 2011, bayan mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Duk da haka zuciya ba ta huce ba, domin Sawaba ta ƙara wa miki gishiri. Samarinta sun koyi sarrafa makamai a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, wato a hannun mutanen da mazan jiya suka yi artabu da su, sannan a 1964 suka kutso cikin ƙasa da bindigogi, aka murƙushe su. Mai kiran a daina yaƙi ya zama mai ɗauko yaƙi gida, abin da magabtansa ba su gaji da tunatarwa ba. Da aka komo ga mulkin jam'iyyu da yawa, Jibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ko kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai a 1998.

Irin wannan gaba ba a Nijar kaɗai take ba. A Amurka, Jon Keri ya yi yaƙin Biyetnam, ya komo ya soke shi gaban ƴan majalisar dattawa a 1971. Da ya nemi shugabanci a 2004, wasu tsoffin sojojin yaƙin suka tono masa wannan magana, shekara 33 bayan faɗinta, kuma ya sha kaye a hannun Joj Bush.

Abin lura ga ƴan siyasa shi ne, sukar yaƙi daban, kiyaye mutuncin wanda aka tura yaƙin daban, kuma wanda bai bambanta su a bakinsa ba zai biya bashin a akwatin zaɓe. Mazan jiyan Arewa ba su zaɓi Indoshin ba, ƙuri'a ce ta faɗa musu. Jibo ya hango cewa amanar Faransa ba ta da tabbas, dokar 1959 kuwa ta gaskata shi. Ƴaƴan Arewa na yau, da yawansu cikin kakin sojan Nijar, sun cancanci a ba su labarin ɓangarorin biyu ba tare da an rage wa kowa haƙƙinsa ba.