Raddi Ga Mai Cewa Birkin Gaba Ne Ke Kayar Da Masu Babur

Kwanakin baya, a wata majalisa da ke bakin hanyar Bunkure zuwa Rano, wani dattijon bakanike da nake ganin girmansa ya yi doguwar magana a kan birkin zamani da ake kira ABS. Matasan da ke jigilar kwandunan tumatir da buhunan shanshera daga gonakin Kadawa sun kewaye shi suna gyaɗa kai. Ban tanka ba a wurin, don ba a katse babba a gaban yaransa. Amma maganar ta shafi rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba ya fara da cewa birkin gaba shi ke kayar da mutum, don haka duk wata na'ura da aka ɗora a kansa ɓata kuɗi ce. Har ya ce shi da kansa yakan sassauta wa yara wayar birkin gaba, wani lokaci ya cire ta gaba ɗaya. Nan ne tushen kuskuren. Abin da ke kayar da mai babur shi ne kafewar taya. Idan ka damƙe birki da ƙarfi cikin firgici, taya takan daina juyawa alhali babur bai tsaya ba, sai ta koma jan ƙasa. Tayar da ke juyawa tana riƙe da hanya, kuma tana bin inda ka karkata kan babur. Wadda ta kafe ba ta jin umarnin kowa. In ta baya ce, gindin babur ya yi gefe, mai gwaninta ya iya cetonsa. In ta gaba ce, kafin ƙiftawar ido kana ƙasa. Sannan duk lokacin da aka taka birki nauyin babur da na kaya yakan zubo gaba ya danne tayar gaba, ta baya ta yi sakayau. Saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100, a gaba yake. Wanda ya cire wayar gaba ya zubar da mafi yawan birkinsa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. A tuna da haka in akuya ko yaro ya gilma a mashigar Kura.

Na biyu, ya ce ABS kwamfuta ce da ke ƙwace birki daga hannun mutum ta tsayar da babur yadda ta ga dama. Ba haka take aiki ba. A jikin taya akwai wani zobe mai haƙora ko ramuka, kusa da shi kuma akwai ɗan ma'auni da ke ƙirga wucewarsu, ya sanar da ƙaramar kwamfuta saurin juyawar tayar. Muddin taya tana rage gudu daidai da babur, na'urar ba ta tsoma baki. Sai ta ga taya na shirin kafewa take rufe hanyar man birki, ta ɗan sassauta matsin, tayar ta kama juyawa, sannan famfo ya mayar da matsin. Tana maimaita wannan sau da yawa a daƙiƙa guda, abin da hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Karkarwar da ake ji a hannun birki alamar aikin ce, kada a saki. Abin mamaki, dabarar da Baba ke koya wa yara, ta kama-saki-kama, ita ce na'urar ke yi. Bambancin shi ne ita ta fi sauri, kuma ba ta firgita.

Na uku, ya ce a kan yashi da tsakuwa ABS na ƙara nisan tsayawa. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ta don in ci gardama ba. A burji mai tsakuwa, irin na gefen kanal, tayar da ta kafe takan tara ƙasa a gabanta ta taimaka wajen tsayawa, shi ya sa baburan da aka ƙera don daji suke da maɓallin kashe ABS na tayar baya. Sai dai a duba da kyau: na baya ake yawan kashewa, a bar na gaba. Ƙarin mita biyu kana zaune a kan babur ya fi tsayawa da wuri kana kwance ƙarƙashin buhu. Kuma mutanenmu ba a gefen kanal kaɗai suke yini ba. Daga gona ana hawa kwaltar Kano zuwa Zariya a nufi Kwanar Gafan, tsakanin tirela da motocin haya, kan laka da ruwan tumatir da ya zuba. A irin wannan santsi ne ABS ta fi nuna amfaninta. Cibiyar IIHS ta Amurka ta kwatanta babura iri ɗaya, masu ABS da marasa ita, a 2021 ta bayyana cewa haɗarin da ke kai ga mutuwa ya ragu da kashi 22 cikin 100 ga masu ita.

Batun da ya kawo cewa in ABS ta lalace birki ya tafi, amsarsa gajeriya ce: fitila za ta kama a gaban babur, birki kuma ya ci gaba da aiki irin na kullum.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce wai kayan Turawa ne, ba namu ba. Gaskiya ne kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sa ta a babur na sayarwa a 1988, kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta daga 2016 a kan sababbin baburan da injinsu ya wuce cc 125. To amma Indiya fa, ƙasar da ke ƙera Bajaj da TVS ɗin da muke hawa? Ita ma ta wajabta ta a kan irin waɗannan baburan tun Afrilun 2019, ƙanana kuwa a lokacin ta ce dole su zo da birkin haɗaka, wanda kama guda ke taɓa tayoyi biyu, ko kuma ABS ɗin. Abin da ya hana Boxer ɗinmu samun ta shi ne birkinsa na waya da sanda ne, ita kuwa tana buƙatar birkin faifai mai aiki da mai, ga kuma neman araha. Wannan dalili ne na mu nemi hukumar kula da ingancin kaya ta SON da masu shigo da babura su ɗaga ma'auni, a kuma koya wa bakanikenmu gyaranta.

Baba, kafin wannan rana ta zo, ina roƙonka don Allah: duk yaron da ka cire wa wayar birkin gaba, ka kira shi ka mayar masa da ita, ka kai shi fili ka koya masa matsa ta a hankali tare da ta baya.