SHARHI: Mudu Ɗaya Ga Hukumomin Ƙididdiga

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa mudun wannan gari ba lalle ya zo daidai da na wancan ba. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun hukumomin ƙididdiga, inda kowace ke tattara alƙaluma ta hanyar da ta ga dama, har ya zama da wuya a kwatanta sakamakon wannan da na waccan.

Domin magance haka ne hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai, tare da ofishin ƙididdiga na Tarayyar Turai da ƙungiyar OECD, suka fito da tsarin da ake kira GSBPM, wanda aka sabunta a 2013 da kuma 2019. Tsarin ya kasa aikin gida takwas, tun daga tantance bayanin da ake buƙata, zuwa tattarawa, tacewa, nazari da bayyana wa jama'a, sannan a waiwaya a duba inda aka yi kuskure. Bai tilasta wa kowa ba. Abin da yake nema shi ne a rubuta yadda aka yi kowane mataki.

Mu a Najeriya mun ga muhimmancin haka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ga shi a 2023 ta bayyana kashi 4.1. Mutane da dama sun ɗauka wasa da hankali ne. Alhali mudun aka sauya: a da, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba, marar aiki ne, amma a sabon lissafi ko sa'a ɗaya mutum ya yi ta neman kuɗi, an sa shi cikin masu aiki. Ana iya jayayya da wannan ma'auni, kuma akwai dalilin yin hakan, sai dai ba a ɗora lambobin biyu a sikeli ɗaya.

A matakin ƙaramar hukuma abin ya fi shafar talaka kai tsaye, domin da irin waɗannan alƙaluma ake tsara rabon taki, allurar rigakafi da ajujuwa. Idan malamin ƙidaya a wata gunduma ya ɗauki "gida" a matsayin duk wanda ke cikin katanga ɗaya, na maƙwabciyarta kuma ya ƙirga kowane magidanci da tukunyarsa, to ƙauyen farko zai fito ƙarami a takarda, kasonsa kuma ya ragu. Ya kamata jami'ai da dagatai su tambayi ma'anar da aka bai wa kalmar tun kafin a fara cike takardu.